Yadda za ka bi labarin kisan babban mutum a ƙasar da ake yaƙi ba tare da an yi wasa da hankalinka ba

Duk lokacin da ka buɗe waya ka ga labari ya fashe wai an harbe wani minista, ko bam ya tashi da motar wani janar, ko an tsinci gawar wani ɗan adawa a ƙasar da ke cikin yaƙi, to abu na farko dai ka riƙe yatsanka, kar ka tura wa kowa tukuna. Ba wai don labarin ƙarya ne ba, a'a, galibi mutumin ya mutu ɗin da gaske, matsalar tana wajen ɗaya rabin labarin, wato wa ya kashe shi. Wannan rabin a ranar farko kusan kullum wanda ya fi kowa buƙatar ka yarda shi ne yake rubuta shi, kuma lokacin yaƙi ba a shan wahalar neman wanda za a ɗora wa, ga abokin gaba can a bakin daga kowa ya san sunansa, kafin jini ya bushe an ce shi ne, shikenan an rufe magana.

Ka tuna abin da ya faru a Libiya ranar 28 ga Yuli 2011. Janar Abdul Fatah Yunus, tsohon ministan cikin gida na Gaddafi wanda ya sauya sheƙa ya zama kwamandan 'yan tawaye, an kira shi daga fagen daga wajen Brega wai ya zo Bengazi ya amsa tambayoyi, daga nan sai gawarsa aka samu an harbe an ƙona tare da wasu hafsoshi biyu. Da dare shugaban majalisar 'yan tawayen Mustafa Abdul Jalil ya fito ya ce wasu 'yan bindiga ne, ya bar mutane suna zaton aikin Gaddafi ne. Washegari wani ministan nasu, Ali Tarhuni, ya ce a'a mayaƙan 'yan tawaye ne suka kashe shi. Kwana ɗaya tal tsakani. Wanda ya yi saurin yaɗa maganar farko kaga ya kwana yana yi wa wasu farfaganda kyauta.

Don haka ka ɗauki hoton sanarwar farko a wayarka ka ajiye, da sunan wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa, domin za ka buƙace ta nan da sati ɗaya ko shekara ɗaya ka gwada da abin da za a faɗa daga baya. Inda maganar ta canza nan ne bakin zaren yake. A Yukren akwai Denis Kireyev, ma'aikacin banki da ya zauna a teburin tattaunawar farko da Rasha a ƙarshen Fabrairu 2022, bayan 'yan kwanaki aka ji ya mutu, labarin farko ya ce hukumar tsaro ta SBU ce ta harbe shi saboda cin amanar ƙasa, sai kuma hukumar leƙen asirin soja ta ƙasar ta fito ta ce mutumin nata ne kuma gwarzo ne, har shugabanta Kirilo Budanov ya faɗa daga baya cewa bayanan da ya kawo sun taimaka wajen kare birnin Kiev. Mutum ɗaya, gwamnati ɗaya, hukuma ɗaya ta ce maci amana ɗaya ta ce gwarzo. Idan ka ga haka to labarin ba na Rasha da Yukren ba ne kaɗai, akwai wata tsama a cikin gida tsakanin hukumomin da ba a so a faɗa da ƙarfi.

Kuma kar girman jana'iza ya ruɗe ka, wannan yana cin mutane sosai. Ana iya kashe mutum a kuma yi masa faretin ban girma, hannu ɗaya ne ya yi duka biyun. Rommel, shahararren kwamandan Jamus, a Oktoba 1944 janar-janar biyu aka tura gidansa da guba, aka ba shi zaɓi ko ya sha ko a gurfanar da shi iyalinsa su wulaƙanta, ya sha, gwamnatin Hitler ta ce raunin da ya samu a yaƙi ne ya kashe shi, aka lulluɓe akwatin da tuta aka yi jana'izar ƙasa. Haka Abban Ramadan na ƙungiyar FLN lokacin da Aljeriya ke yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa, abokan gwagwarmayarsa ne suka kashe shi a Maroko a Disamba 1957, sai bayan watanni jaridar ƙungiyar ta buga cewa ya yi shahada a fagen fama.

Bayan ka ajiye sanarwar, koma baya ka nemo abin da mamacin ya faɗa ko ya yi a 'yan kwanakinsa na ƙarshe. Ba tarihin rayuwarsa duka ba, wannan 'yan jarida za su cika ka da shi, kai dai nemi hirarsa ta ƙarshe, jawabinsa na ƙarshe, wa ya gana da shi, wane muƙami aka cire shi ko ake shirin ba shi. Wani lokacin abin a fili yake har da ban tsoro. Gwamnan Darfur ta Yamma a Sudan, Khamis Abdallah Abbakar, ranar 14 ga Yuni 2023 ya yi hira ta waya da tashar Al-Hadath yana cewa dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojan Sudan, da mayaƙan da ke tare da su suna yi wa mutane kisan ƙare dangi a El Geneina, yana roƙon duniya ta kawo ɗauki, cikin sa'o'i kaɗan bidiyo ya fito wasu masu bindiga, wasunsu da kakin RSF, sun tasa shi gaba, daga nan sai gawa. RSF ta musanta, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce alhakin yana kanta. Ali Abdullah Saleh, tsohon shugaban Yaman, kuwa ranar 2 ga Disamba 2017 ya fito a talabijin ya ce a shirye yake ya buɗe sabon shafi da Saudiyya, wato ya raba gari da 'yan Huthi da suke ƙawance, ranar 4 ga wata aka nuna gawarsa a cikin bargo ana jefawa a bayan mota. Shi wannan ba a ma ɓoye ba.

Sai dai a nan akwai wajen da mutane ke zamewa, suna ɗauka duk mai sukar gwamnati lokacin yaƙi to mai son zaman lafiya ne. Ina! Adawar cikin gida kala-kala ce, kuma dole ka gane wacce kala mamacin yake ciki kafin ka fahimci wa yake jin haushinsa. Akwai masu cewa a daina yaƙin, akwai masu cewa ai ba a ma fara yaƙin da gaske ba, shugabanni ragwaye ne ko ɓarayi, akwai hafsoshin da aka danne a rabon muƙami, akwai ƙabila ko yankin da ke ganin 'ya'yansu ne kawai ake turawa gaba. A Rasha Yevgeni Prigozhin mai kamfanin sojan haya na Wagner bai taɓa zama ɗan zaman lafiya ba, zagin ministan tsaro yake yi a bidiyo yana tsaye gaban gawarwakin yaransa yana ihun ina harsasai, ya yi tawaye a 23 da 24 ga Yuni 2023, ranar 23 ga Agusta jirginsa ya faɗo a yankin Tver da mutum goma a ciki, fadar Kremlin ta ce babu hannunta. Igor Girkin, tsohon kwamandan 'yan awaren gabashin Yukren masu goyon bayan Rasha, shi ma ɗan a-ci-gaba-da-gashi ne, ya soki Putin cewa ya yi sanyi, aka ba shi shekara 4 a gidan yari a Janairu 2024. Ni a ganina gwamnatin da ke yaƙi ta fi tsoron irin waɗannan fiye da mai ɗaga kwali a titi, domin su suna da bindiga kuma ba za a iya ce musu ba su da kishin ƙasa ba.

Haka kuma idan wanda aka kashe mai neman sulhu ne, fara duba masu tsattsauran ra'ayi na ɓangarensa kafin ka tsallaka iyaka. Jean Jaurès, ɗan siyasar gurguzu na Faransa, yana ta faɗi-tashin hana yaƙin duniya na farko, ranar 31 ga Yuli 1914 wani ɗan ƙasarsa ya harbe shi ta taga yana zaune a gidan cin abinci a Faris, kuma a 1919 kotu ta wanke wanda ya yi harbin ta sallame shi. Michael Collins, jagoran gwagwarmayar 'yancin Ailan, tsofaffin abokan gwagwarmayarsa ne suka yi masa kwanton ɓauna a Agusta 1922 saboda yarjejeniyar da ya sa wa hannu da Birtaniya. Sadat, shugaban Masar da ya yi sulhu da Isra'ila, sojojin Masar ne suka buɗe masa wuta a fareti a 1981, Rabin kuma, firaministan Isra'ila da ya yi yarjejeniya da Falasɗinawa, Bayahude ne ya harbe shi a 1995.

To sai tambayar da ta fi kowacce sauƙi amma ake mantawa da ita: wa zai iya matsowa kusa da shi? Babban mutum lokacin yaƙi ba a kasuwa yake yawo ba, yana da dogarai, ana ɓoye inda zai kwana, ana canza hanya, wayarsa ma ba kowa ke da lambar ba. Wanda ya san ƙarfe nawa zai fito da wace mota zai shiga ba baƙo ba ne, da ɗan gari akan ci gari. Muhammad Budiyaf, shugaban Aljeriya, ranar 29 ga Yuni 1992 yana jawabi a wani zauren taro a Annaba, kyamarar talabijin tana ɗauka, aka ji wata ƙara daga bayan labule, ya ɗan juya kai ya duba, sai ɗaya daga cikin jami'an da aka kawo su tsare shi ya fito ta bayansa ya zazzage masa harsasai. Hukuma ta tsaya a kan cewa jami'in shi kaɗai ya yi, iyalan Budiyaf da 'yan Aljeriya da yawa har yau ba su yarda ba. Laurent Kabila na Kwango shi ma dogarinsa ne ya harbe shi a ofis ranar 16 ga Janairu 2001 ana tsakiyar yaƙi, gwamnati ta yi kwana biyu tana cewa yana raye ana masa magani kafin ta sanar, lokacin an riga an shirya ɗansa Joseph ya hau. Wannan jinkirin sanarwar ma ka riƙa lura da shi, sau da yawa ba likita ake jira ba, rabon kujera ake ƙarasawa.

Amma fa kar ka ɗauki wannan ka mayar da shi karatun da babu makawa, ka zama irin mutanen nan da komai aka ce sai su ce ai na ciki ne. Wani lokacin na waje ne ya sayi na ciki, kamar Amilcar Cabral, jagoran yaƙin ƙwatar 'yancin Gini Bisau da Kef Bad daga Fotugal, da wani ɗan jam'iyyarsa ta PAIGC ya harbe a Konakiri a Janairu 1973, ga ɓacin rai na gaske a cikin jam'iyyar tsakanin 'yan Gini Bisau da 'yan Kef Bad, ga kuma zargi mai ƙarfi cewa 'yan sandan ciki na Fotugal sun hura wutar. Wani lokacin ma na wajen yana so ne a zargi na ciki. Herbert Chitepo na ƙungiyar ZANU, mai yaƙi da gwamnatin turawa ta Rodeshiya (Zimbabuwe ta yau), bam ya tashi da motarsa a Lusaka a Maris 1975, gwamnatin Zambiya ta kafa kwamiti ya ce rikicin cikin gida ne, aka kwashe kwamandojin ƙungiyar ciki har da Josiah Tongogara aka tsare, yaƙin nasu ya samu koma baya, sai bayan shekaru aka rubuta cewa jami'an leƙen asirin Rodeshiya ne suka dasa bam ɗin. Har yau a Zimbabuwe ana gardama a kai. Shi ya sa tambayar nan ta wa ya amfana, da kowa ke ji da ita kamar ita ce mabuɗin komai, ni ban cika ba ta nauyi ba, mutuwar babban mutum tana amfanar mutum goma a lokaci guda, kuma wanda ya fi cin riba wani sa'in shi ma a rediyo ya ji.

Abin da ya fi dacewa ka zuba wa ido, kuma shi ne wanda za ka iya gani da idonka ba sai wani ya fassara maka ba, shi ne me aka yi da jinin mamacin a kwana uku zuwa wata guda da suka biyo baya. Wa aka kama, wace jarida aka rufe, wace doka aka fito da ita daga aljihu kamar da ma tana jiran ranar, wace unguwa aka kewaye. Wanda ya harba bindiga kan iya ɓuya shekara talatin, amma wanda ya fake da guzuma ya harbi karsana a bainar jama'a yake yi. A Ruwanda an harbo jirgin shugaba Habyarimana da daren 6 ga Afrilu 1994, tare da shugaban Burundi Ntaryamira a ciki, kuma har yanzu ana jayayya a kan wa ya harba, wani alƙalin Faransa a 2006 ya ɗora wa mutanen Kagame, jagoran 'yan tawayen Tutsi a lokacin, rahoton ƙwararru da wasu alƙalan Faransan suka sa aka yi a 2012 ya nuna wajen barikin Kanombe da ke hannun sojan gwamnati. Amma abin da babu jayayya a kansa shi ne cikin sa'o'i an datse titunan Kigali da shingaye, ga jerin sunaye a hannu, da safe aka kashe firaminista Agathe Uwilingiyimana, ita kanta Bahutuwa ce mai sassaucin ra'ayi, da sojojin Beljiyam goma da ke gadinta, aka bi 'yan adawar Hutu gida-gida, sannan kisan Tutsi da ya ci rayuka wajen 800,000 cikin kusan kwana 100. Jerin sunaye ba a dare ɗaya ake rubuta shi ba.

Labanan ma haka. Bashir Jumayyil an zaɓe shi shugaban ƙasa bai kai ga rantsuwa ba bam ya rushe hedikwatar jam'iyyarsa a kansa ranar 14 ga Satumba 1982, daga 16 zuwa 18 ga wata mayaƙan ɓangarensa suka shiga Sabra da Shatila, matsugunan Falasɗinawa 'yan gudun hijira a Beirut, sojan Isra'ila na kewaye da wurin, suka yi ta kashe Falasɗinawa fararen hula, mata da yara da tsofaffi. Wanda ya dasa bam ɗin da aka kama shi ashe ba Bafalasɗine ba ne, Habib Shartuni ne, Kirista ɗan Labanan, ɗan wata jam'iyya mai ra'ayin Siriya. Duk sanda ka ji an fara cewa su wane ne, ana nufin ƙabila guda ko addini guda ko 'yan gudun hijira, ba a ambaci sunan mutum ɗaya da hujja ba, to ka san inda aka dosa, kuma a nan ne turawar da ka yi a waya take iya zama ta jini.

Ka kuma auna yawan ƙofar da ta rage a buɗe ga mai son ya ce bai yarda ba. Kowace ƙasa tana matse baki lokacin yaƙi, wannan ba sabon abu ba ne, Birtaniya ba ta yi babban zaɓe ba daga 1935 har 1945, Yukren ta dakatar da jam'iyyu 11 da ta ce suna da alaƙa da Rasha a Maris 2022 kuma dokar soja ta hana zaɓe, Rasha ta yi doka ranar 4 ga Maris 2022 mai ɗaurin da ya kai shekara 15 kan abin da ta kira labarin ƙarya game da soja, har wani kansila a Mosko, Aleksei Gorinov, ya samu shekara 7 saboda maganar da ya yi a zaman majalisar unguwa. Ba duka ɗaya ba ne, abin dubawa shi ne majalisa tana zama? kotu tana iya ce wa gwamnati a'a? ɗan jarida zai iya buga labarin satar kuɗin makamai ya kwana a gidansa? Inda aka toshe duka, nan ne mutane ke fara magana da bindiga. Firaministan Ostiriya Karl von Stürgkh ya ƙi kiran majalisa tun 1914, a Oktoba 1916 wani ɗan gurguzu Friedrich Adler ya same shi yana cin abincin rana a otal a Biyana ya harbe shi, sannan ya mayar da shari'arsa dandalin tona asirin gwamnati.

Bincike kuwa, kar saurinsa ya burge ka. Da bam ya kashe Darya Dugina, 'yar jaridar Rasha mai goyon bayan yaƙin Yukren, a kusa da Mosko ranar 20 ga Agusta 2022, cikin kwana biyu hukumar tsaron Rasha ta FSB ta ce ta gama gano komai, ga suna ga hoto ga hanyar da aka bi aka gudu, Yukren ta ce ba ita ba ce, daga baya jaridun Amurka suka ruwaito jami'an leƙen asirin ƙasarsu na ganin wani sashe na gwamnatin Yukren ne ya ba da izini. Wato saurin bai nuna ƙarya ba ne kuma bai nuna gaskiya ba, sai ka gwada shi da na Boris Nemtsov, ɗan adawar da aka harbe a kan gada dab da Kremlin a Fabrairu 2015 yana haɗa rahoto kan sojojin Rasha a gabashin Yukren, an ɗaure mutum biyar 'yan Checheniya a 2017 amma iyalansa suna cewa wanda ya aiko su ba a taɓa shi ba. Kullum ka raba mai jan kunama da mai aike. Idan an harbe maharin nan take kamar na Kabila, ko an nuno shi a bidiyo fuska a kumbure yana karanto laifinsa kamar hadda, ko an ce shari'ar a asirce za a yi saboda tsaron ƙasa, to ka rage kaso mai yawa daga yardar da za ka ba labarin.

Masu ɗaukar alhaki ma sai ka tace. Akwai ƙungiyar da ba a taɓa jin sunanta ba sai ranar, ta fito a Telegram ta ce ita ce, gobe ta ɓace. Akwai gwamnatin da za ta yi gum ta bar majiyoyi su raɗa wa 'yan jarida, kamar yadda aka yi da Janar Igor Kirillov da bam ɗin da aka ɗaure a jikin ɗan babur ɗin lantarki ya kashe a ƙofar gidansa a Mosko a Disamba 2024, majiyoyin SBU suka ce su ne. Akwai mai jira sai ƙura ta lafa, Isma'il Haniyya, shugaban Hamas, an kashe shi a Tehran ranar 31 ga Yuli 2024 amma sai a Disamba ministan tsaron Isra'ila ya furta da bakinsa. Idan ka ga kafa goma sun kawo labari kar ka ƙirga goma, bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga daga ina suka ɗauko, sau tari duk majiya ɗaya ce marar suna suke ta juyawa. Hoto ko bidiyon gawa kuma saka shi a Google Lens ka gani ko tsoho ne daga wani yaƙin daban, minti biyu ya ishe ka.

Idan kana da ɗan uwa ko aboki da ke zaune a ƙasar da abin ya faru, don Allah kar ka kira shi kana tambayar wai su wa kuke zargi a can, kar ka saka sunansa a ƙarƙashin wani rubutu na zagin gwamnatinsu, kar ka tura masa bidiyon a WhatsApp. A irin waɗannan kwanakin ana tsayar da mutane a shingen bincike a karɓi waya a buɗe, kuma abin da kai ka tura kana kwance a ɗakinka shi za a tambaya ya yi bayani. Tambaye shi lafiyarsa da ta yara, ko akwai abin da yake buƙata, sauran maganar ka bari sai shi ya ɗauko ta da kansa.